Tafiyata Jawa da Tarihin Zanen da Nake Sayarwa



Malamaina da ke zaune a gaba, shugaban ƙungiya, ƙannena maza da mata, barkanmu da ganin wannan rana. Da aka ce in zo in ba da labarin tafiyar da na yi Indunusiya bara, sai na ce wa shugaba ni fa ban iya jawabi ba, awon yadi na iya. Shekara goma sha shida ke nan ina zaune a rumfar atamfa cikin kasuwar Maraɗi. Ya ce to, in zo in auna muku tafiyar. Ga ni nan.

Mu goma sha huɗu muka tafi, daga Maraɗi da Damagaram da Yamai, yawancinmu ƴan kasuwa, da mata uku a cikinmu. Irin tafiyar nan ce ta rukuni: ka biya kamfani kuɗi a dunƙule, shi zai nema maka biza, ya yanki tikiti, ya kama otal, ya haɗa ku da bas da jagora. Kwana tara muka yi, duka a tsibiri guda mai suna Jawa. Ƙasar tana da tsibirai fiye da 17,000, don haka duk wanda ya ce muku ya ga Indunusiya cikin kwana tara, ku yi masa murmushi kawai. Shi kansa Jawa bai kai jihar Damagaram faɗi ba, amma mutum fiye da miliyan 150 ke zaune a kansa. Ku kwatanta da Nijar gaba ɗaya, da ba mu kai miliyan 30 ba. Tun daga filin jirgin Jakarta har ranar da muka dawo, ban tuna wurin da na ɗaga ido ban ga mutum ko rufin gida ba.

Bari in fara ba jagoranmu haƙƙinsa. Saurayi ne, yana jin Larabci da Ingilishi, kuma ba don shi ba da ko ruwan sha ba mu iya saya. Agogonsu ya riga namu da awa shida, jika ɗaya tamu idan ka canza ta sai ta zama rupiya fiye da dubu ashirin, kai kana ganin ka yi arziki alhali kuɗin faranti ɗaya na shinkafa ne. Shi ya riƙa raba mu da irin wannan ruɗu. Harshen kuwa wani lokaci sai ka ji kamar ka san shi: Litinin Senin suke cewa, Talata Selasa, Laraba Rabu, Alhamis Kamis, Juma'a Jumat. Duk daga Larabci muka ɗebo, mu da su. Akwai wani malami a cikinmu, dattijo, da dare duk wanda ya gamu da mu a otal sai ya ce "selamat malam". Kwana biyu malam yana amsawa da fara'a, yana ce mana mutanen nan akwai sanin darajar ilimi. Sai daga baya jagora ya faɗa mana malam a harshensu dare ne, barka da dare ake yi mana duka.

To amma tafiyar rukuni tana da nata sharaɗi, wanda ba a rubuta shi a takardar da kuka sa wa hannu ba: lokacinka ya zama na jadawali. A Jakarta an kai mu masallacin Istiƙlal, wanda aka buɗe a 1978, mafi girma a duk yankin, kuma wanda ya zana shi Kirista ne mai suna Frederich Silaban. Babban cocin Katolika yana daidai tsallaken titi. Na so in zauna bayan salla in yi hira da mutane, sai ga jagora yana ɗaga ƴar tutarsa. Daga nan muka shiga jirgin ƙasa mai gudun nan, Whoosh, wanda ya fara aiki a 2023, kilomita 142 zuwa wajen Bandung cikin ƙasa da awa guda. A Bandung muka shiga zauren da ƙasashe 29 na Asiya da Afirka suka yi taro a watan Afrilu na 1955, shekara biyar kafin mu samu ƴancin kanmu. Minti arba'in aka ba mu a wurin. Kantin sayar da takalma da jakunkuna da aka kai mu bayansa, awa biyu.

Daga Bandung jirgin ƙasa na yau da kullum muka hau zuwa Yogyakarta, wanda su da kansu suke taƙaitawa Jogja. A watan Agusta muka je, damina a nan, rani a can, amma gonakin shinkafa shar da su saboda ban ruwa. Jogja gari ne mai sarki, kuma sarkin shi ne gwamna. Daga nan aka kai mu Borobudur, ginin mabiya addinin Buda na ƙarni na 9, dutse kan dutse ba siminti, da zane-zanen sassaƙa 2,672 a jikin bango. Malam ya ce shi ba zai shiga ba, ya zauna a bas da carbinsa, ba wanda ya matsa masa. Mu muka hau da wani takalmin saƙa da suke ba kowa don kada a cinye dutsen. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne masu gadin wurin da masu share shi, waɗanda na ga suna tafiya salla da azahar. Ba zan daɗe a nan ba, don ba shi ya kawo ni gabanku ba.

Rana ta bakwai aka ce za a kai mu ganin batik. Wani kanti ne mai sanyi, an ajiye mata biyu a bakin ƙofa suna zane a jikin farin ƙyalle don baƙi su ɗauki hoto, sai a wuce da ku ciki inda kaya suke. Ina shiga na ji gabana ya faɗi. Ganye, tsuntsu, layuka masu lanƙwasa, har ƴan tsage-tsagen nan kamar jijiya da ke cikin atamfa mai tsada, ga su nan. Na ɗauki ɗaya na juya bayansa, yadda nake yi a rumfa sau ɗari a rana. Gaba da baya launi ɗaya. Na ɗauki wani, bayansa ya koɗe. Kuɗinsu kuwa kusan ɗaya aka rubuta. Na ce wa jagora ya faɗa wa mai kanti wannan na biyun bugun inji ne. Mai kanti ya dube ni, ya tambaya daga ina nake, wa ya koya mini.

Wa ya koya mini? Ubangidana a kasuwa, tun ina yaron rumfa, shi kuma bai taɓa jin sunan Jawa ba har ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Ga yadda abin yake. Holan ta mulki waɗannan tsibirai shekaru masu yawa. A ƙarni na 19 masana'antun Holan suka ga yadda mutanen Jawa ke son batik, suka ce bari su yi shi da inji ya fi araha, su kai musu. Amma ƙaron da suke bugawa a jikin yadin yakan tsattsage, rini ya bi tsagar ya bar jijiya-jijiya. Mutanen Jawa suka ga aibi ne, ba su karɓe shi sosai ba. Wajen ƙarshen ƙarnin aka gwada kai shi gaɓar Gana ta yau, matan can suka ce ai wannan jijiyar ita ce kyan. Akwai kuma sojojin da Holan ta ɗiba daga Elmina tsakanin 1831 da 1872 ta kai su yaƙi a tsibiran, ana cewa waɗanda suka dawo sun zo da batik a kayansu. Kamfanin Vlisco da ke garin Helmond, wanda tarihinsa ya faro a 1846, har yau yana buga wannan zane. Shi ne Holan ɗin da iyayenmu ke sa wa cikin lefe. Shekara goma sha shida ina cin abinci da kwaikwayon aikin wasu mata, ban san da su ba.

Da dare na tsare jagora na tambaye shi gaskiya. Bai ɓoye ba. Ya ce duk abin da muka saya a kantin yana da la'ada a ciki, kuma da ita yake cika albashinsa. Ban ji haushinsa ba, ni ma ina ba yaran da ke kawo mini masu sayen kayan aure nasu. Abin da na roƙe shi ɗaya ne: gobe da yamma jadawali ya ce kowa ya je sayayya, mu ka kai mu inda ake yin abin da gaske. Mu biyar muka haɗa kuɗi, har da mata biyu, muka ɗauki ƙaramar mota, muka biya shi ladansa daban. Ya kai mu wani ƙauye kudu da Jogja mai suna Giriloyo.

A nan ne kuɗin tikitina ya fita. Mata ne zaune a kan ƴan kujeru gajeru, kowane rukuni sun kewaye ƙaramin kasko da kaki ke narkewa a ciki. Sunan kakin ma malam, kun ji, malam na uku ke nan. Kayan aikin wani ɗan cokali ne na jan ƙarfe mai siririn baki da mariƙin gora, sunansa canting, kuma harafin c ɗin yadda muke karanta shi haka suke karanta shi. Mace za ta ɗebo kaki, ta hura bakin, ta ja layi. Duk inda kaki ya hau, rini ba ya kamawa. A tsoma a shuni, a shanya, a kankare wani wuri, a rufe wani da sabon kaki, a tsoma a ruwan ɓawon itace mai ba da launin ƙasa-ƙasa, a ƙarshe a dafa ƙyallen kakin ya fita. Wannan shi ake kira batik tulis, wato rubutaccen batik. Akwai na hatimi, batik cap, da ake dangwala kaki da hatimin jan ƙarfe, ya fi sauri. Sai bugun inji, wanda su ba sa ma lissafa shi a batik. Suna uku, kuɗi uku, kuma kowace yarinya a ƙauyen ta san bambancin.

An ba ni canting in gwada. Layin farko kaki ya ɗiga mini a yatsa, na yi ƙara, matan suka yi ta dariya. Hajiyar da muka je da ita daga Damagaram kuwa, da yake ta saba da zanen lalle, nan take ta fitar da fure.

Wata dattijuwa a cikinsu ta ba mu labari, jagora yana fassarawa. Ta ce da can su aikin kaki kawai suke yi. Su zana farin ƙyalle na makonni, ɗan kasuwa daga birni ya zo ya karɓa da ɗan abin da ya ga dama, ya kai a rina, ya sayar da sunansa. A watan Mayu na 2006 girgizar ƙasa ta afka wa yankinsu, ta kashe mutum fiye da 5,000, gidaje suka rushe. Cikin taimakon da ya zo bayan nan har da masu koya musu rini da lissafin ciniki. Suka haɗu ƙungiya-ƙungiya, suka fara rina kayansu da kansu, suna sayarwa a ƙofar gida. A 2009 UNESCO ta sa batik cikin gadon al'adun duniya, ranar 2 ga Oktoba ta zama ranar batik a ƙasar, ma'aikata da yawa kuma shi suke sawa ranar Juma'a. Kasuwa ta buɗe, ta tarar da su riƙe da aikin tun daga fari har ƙarshe. Ba wai sun yi arziki ba ne. Ta ce ƴan mata da yawa sun fi son aikin kanti a birni, kuma bugun inji mai araha yana cin su kullum. Amma yanzu ita ke faɗin kuɗin zanenta.

Tana magana ina jin kunya, don ɗan kasuwar birnin nan da take faɗa, na san shi. Akwai wani tsoho marini da nake kai wa farin yadi tun shekaru. In karɓo, in ninke, in sa a leda, in sayar da ninkin abin da na ba shi, kuma ban taɓa faɗa wa mai saye sunansa ba. Da ya ce a ƙara masa, na ce kasuwa ba ta ɗauka. Ɗansa kabu-kabu yake yi, ya ƙi zama a marina, ni kuma ina cikin masu cewa yaran yanzu ba sa son sana'a. Da na dawo na je na same shi, muka sake yanka kuɗi, na ce kuma duk abin da ya rina zan rataye shi daban in faɗi mai shi. Ribata a kansa ta ragu. Wasu masu saye da suka ji sunan sun wuce ni sun tafi wurinsa kai tsaye, abin ya ɗan sosa ni, ba zan yi muku ƙarya a gaban malamai ba.

Sauran tara da ba su bi mu ba sun dawo otal da manyan ledoji, sun ji daɗin yininsu, kuma ban ce sun yi kuskure ba. Wanda zai yi irin wannan tafiya a cikinku, ko Indunusiya ko wata ƙasa, ya karɓi jadawalin tun kafin ya biya, ya ƙirga awa nawa aka ba kantuna, ya tambaya ko akwai yinin da yake nasa. Ya riƙe wasu kuɗi a gefe don wannan yinin.

Zane ɗaya na saya a hannun dattijuwar, jika arba'in da biyar a kuɗinmu, ta ce wata biyu ta yi a kansa. Ga shi nan na zo da shi, ga kuma Holan, ga bugun inji daga rumfata. Shugaba, a zagaya da su layi-layi, a fara da ɓangaren mata. Ku juya bayan kowanne, ku shinshina na farkon, har yanzu akwai ƙanshin kaki. Wanda ya ci ƙosai ya goge hannunsa tukuna.