Mahaucin Oko-Oba da Ƙidayar Ungulu

 

Duk wanda ya daɗe a sana'ar fawa ya san zamanin da ungulu ke jeruwa a kan rufin kwata tun kafin a kayar da sa na farko, sai an yi da gaske ake korar ta daga kan tumbi. Yau a mayankai da yawa na ƙasar nan mutum kan yini bai ga ko ɗaya ba. A shekarar 2015 ƙungiyar IUCN, mai bin diddigin halittun duniya, ta sanya wannan ungulu ta cikin gari a sahun waɗanda ke dab da ƙarewa, kuma farautar ta don haɗa magani na cikin manyan dalilai. To amma wace shekara ta fara ƙaranci a Agege, kuma a kan waɗanne itatuwa take kwana a da? Amsar tana kawunan dattawan mahauta na kwatar Oko-Oba, kuma dattijo ba ya dawwama. Hujjata ita ce, Hausawan Legas na riƙe da ilimin tsirrai da dabbobin da masana ke nema ido rufe, kuma lokaci ya yi da za su riƙa rubuta shi da kansu.

Hanyar yin haka ba a nesa take ba. Tun 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke kusa da Jos ta ƙaddamar da aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da 9 a kwance. Mai sa kai zai shiga gida ɗaya, ya yi aƙalla awa biyu yana dubawa, ya shigar da duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa a wata manhajar waya mai suna BirdLasser. Akwai ayarin masu sa kai na Arewa, akwai na Kudu maso Yamma, kuma ba a tambayar kowa takardar digiri. Ga tsirrai da ƙwari da su ƙadangare kuwa akwai iNaturalist, inda hoto ɗaya daga wayar hannu ya wadatar.

Me ya sa na ware Hausawan Legas? Saboda idonsu na ganin ƙasar nan ta gefe biyu. Tun bayan da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, fataken goro da na shanu suke kai da kawowa tsakanin Zangon Agege da Arewa, kuma har gobe ba a fasa ba. Ku ɗauki shirwa. Da rani ta cika sararin Legas tana shawagi a kan bola da mayanka, da damina ta faɗi sai ta nufi Arewa, tamkar ɗan ci-rani. Masanin da ke zaune a jami'a ɗaya rabin tafiyarta yake gani. Direban tirelar shanu da ke sauke kaya a Oko-Oba, ko dillalin raguna na Alaba Rago, yana iya shaida ranar da ta ɓace a nan da ranar da ta bayyana a garinsu. Haka mai maganin gargajiya da ya shimfiɗa saiwoyi da sassaƙe a bakin titi: shi zai fara sanin itacen da ya yi wuya a daji, domin kuɗin sarinsa ne zai tashi.

Za a ce ai Legas siminti ce da cunkoso, mai son ganin halitta ya tafi gandun Lekki, wanda gidauniyar NCF ta kafa a 1990 a kan hekta 78. Gandun abin yabo ne, amma killataccen wuri ba ya nuna abin da ke faruwa a unguwa. Balbela na bin shanu a kara, jemage na kwana a kan mangwaro, tumfafiya na tsirowa a gefen layin dogo. Baƙuwar ciyawar ruwa da ta shigo ta Badagry a 1984, wadda har yau take toshe wa jiragen ruwa hanya, ba ta killataccen gandu ta shigo ba, a gaban masunta da masu kwalekwale ta bazu.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na sahihanci, kuma ba zan raina shi ba. Mutum kan yi kuskure, kuma suna ɗaya a bakin jama'a kan haɗa tsuntsaye iri uku ko huɗu. Sai dai tsarin ya yi tanadin wannan. Waya ce ke liƙa wa hoto rana da wuri, kuma a iNaturalist ba a ɗaukar bayani a matsayin na bincike sai fiye da kashi biyu cikin uku na waɗanda suka duba sun yarda da sunan. Wanda kuma ke shakkar ilimin mutanenmu ya duba tarihi. Likitan nan na zamanin Turawa, J.M. Dalziel, ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, kuma masana na komawa gare shi har yanzu. Daga ina ya samo sunayen, in ba daga manoma da maharba da masu magani ba? Sunansa ne a bango, su kuwa an manta da su. Wannan karon kowane bayani da sunan mai shi zai shiga.

Saura tsoro guda, kuma yana da tushe: kada bayanin da aka tara ya zama jagora ga masu farautar ungulu. Shi ya sa manhajar iNaturalist ke ɓoye ainihin wurin da aka ga halittar da ke cikin haɗari, ta nuna yankin kawai. Duk da haka sheƙa ba abin yaɗawa ba ce a zauren WhatsApp. Shawarata ga ƙungiyar mahauta da makarantun Islamiyya na Agege ita ce a zaɓi matasa kaɗan masu waya, a haɗa su da ayarin Kudu maso Yamma su koyi aikin, sannan su fara da zama gaban dattawan kwata suna naɗar abin da suka tuna, shekara da wuri, kafin su fita ƙidaya.