Ƙaron Itacen Fayin a Cikin Wuta



Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai gyaran rediyo ya san wani farin hayaƙi mai ƙamshi da ke tashi sa'ad da aka ɗora ƙarfe mai zafi a kan darma. Ba darmar ce ke hayaƙi ba. Ƙaron itacen fayin ne da aka zuba cikin wayar darmar, kuma a kan abin da wuta ke yi wa wannan ƙaro za mu yi magana yau.

Kada mu haɗa shi da ƙaron dakwara da muka sani. Namu dangin sukari ne, yana narkewa cikin ruwa. Na fayin kuwa ruwa ba ya cinsa. A ƙasashen Sin da Barazil da Indunusiya akan tsaga bawon itacen, a tara abin da ya zubo, kana a bi shi da tururi. Wani mai mara nauyi, watau tafantain, sai ya tashi ya bar dunƙule mai garai-garai kamar alewa, wanda ake kira rozin. Mafi yawan dunƙulen nan asid ne iri-iri, kuma galibinsu ƙirarsu ɗaya: ƙwayar kabon 20, haidirojin 30, oksijin 2. Bambancinsu a wajen yadda ƙwayoyin suka riƙe juna yake.

To, a nan zafi ke fara aikinsa. Ɗanyen ƙaro yana da asid da yawa mai suna lebofimarik, amma da zarar ya sha zafin tukunyar tacewa, wajen digiri 160, sai ɗaurinsa ya gusa, yawancinsa ya koma asid ɗin abiyetik da 'yan'uwansa. Ba a rasa ƙwaya ko ɗaya ba, zama kawai suka sake. Sai dai abiyetik yana da aibi guda, yana shan iska, ya yi duhu, ya lalace. Alhali kuwa a kasuwa, gwargwadon hasken rozin gwargwadon kuɗinsa. Saboda haka masana'antu sukan ƙara wuta zuwa wajen digiri 270, su sa ɗan ƙarfen faladiyam. Nan sai wani sashe na asid ɗin ya ba da haidirojin, wani sashe ya karɓa, a sami rozin da iska ba ta yi masa lahani sosai. Da sabulun wannan rozin ake haɗa robar roƙo, irin wadda ake yin tayar mota da ita. Lalle a ganinmu wannan ita ce dabara mafi ban sha'awa a cikin sana'ar duka, domin zafin da ke iya ɓata kaya shi aka sa ya gyara shi.

In wuta ta haura digiri 300, labari ya canja. Ɓangaren da ya sa abin ya zama asid sai ya ɓalle, ya fita a matsayin iskar kabon, a bar wani mai mai kauri da aka daɗe ana sawa cikin tawadar ɗab'i da man giris. In aka ci gaba, sai a kai ga wani sinadari mai suna ritin, wanda ke zama shaida cewa ƙaron ya taɓa shiga wuta mai tsanani. Jirgin ruwan Ingila mai suna Mary Rose ya nutse a 1545, aka tsamo shi a 1982, kuma da irin waɗannan sinadarai masana suka gane cewa kwaltar da aka samu cikinsa ta itacen fayin ce da aka dafa.

Akwai kuma abin da ya shafi ɗakin karatunmu. A 1807 wani Bajamushe, Moritz Illig, ya bayyana hanyar sa rozin da alif cikin takarda don kada tawada ta watsu. Dabarar ta yi aiki, amma alif ɗin yana barin asid a jikin takarda, kuma yana cikin dalilan da suka sa tsofaffin littattafai ke yin ja suna marmashewa a hannu.

Mu koma ga mai gyaran rediyonmu. Bakin ƙarfensa yakan wuce digiri 300. Rozin ya narke, asid ɗinsa ya cinye tsatsar jan ƙarfe, darma ta kama. Amma hayaƙin da ke tashi yana ɗauke da ɓurɓushin asid ɗin da sauran abubuwan da zafi ya farfasa, kuma likitoci sun tabbatar yana jawo ciwon asma ga wanda ya daɗe yana shaƙa. Wanda kuwa ƙirjinsa ya riga ya kamu, ɗan hayaƙi kaɗan ya isa ya tayar masa da ciwon. Da yawa daga cikin ƙannenmu da ke koyon gyaran waya suna yini sunkuye a kan wannan hayaƙi cikin shago mara taga. In mun je hutu, mu gaya musu su rage zafin ƙarfen, su janye fuska, su sa 'yar fanka ta kore hayaƙin waje.

Shugaba, mun cinye lokacinmu. Muna jiran tambayoyi.