SUNA ƊAYA, RANAR HAIHUWA ƊAYA: Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 

An nemi in yi tsokaci a kan wahalar da 'ya'yan Kafur suke sha a ofisoshi, walau wajen aikin gwamnati ko wajen neman fita ƙasar waje. Kowa a nan ya san kalmomin: "ka dawo gobe", "oga ba ya nan", "sabis ya ɗauke", "fayil ɗinka bai sauko ba". Ba zan wanke ma'aikacin da ke riƙe takardar bawan Allah har sai an ba shi na goro ba, domin wannan zalunci ne. To amma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagewar da ke bangonmu ita ce saɓanin suna da ranar haihuwa a takardunmu.

Bari mu duba asalin abin. Bahaushe yana da sunan yanka, da sunan mahaifi, da laƙabin da ake kiransa da shi a gida saboda alkunya. Da boko ya zo, sai aka riƙa liƙa wa ɗalibi sunan garinsu, shi ya sa muka san Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari. Haka yaro ɗaya zai zama Mamman Sani a firamare, Muhammadu Sani Mahuta a sakandare, Mohammed S. Garba a banki. Batun shekaru kuwa, lokacin da aka fara shirin ilmin firamare kyauta na UPE a 1976, yara ƙalilan ne ke da takardar haihuwa. Sai a ce yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya kamo kunne; in ya kamo, ya isa shiga aji ɗaya. Da yawa daga baya sun je kotu sun yi rantsuwar shekaru, aka rubuta musu 1 ga Janairu. Ga kuma sauyin jihohi: daga 1967 muna Jihar Arewa ta Tsakiya, a 1976 ta koma Jihar Kaduna, ranar 23 ga Satumba 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Dattijo ɗaya yana iya riƙe takardu masu sunayen jihohi uku, alhali bai taɓa ƙaura daga Gozaki ba.

A da wannan bai dami kowa ba, domin akawu ya san ka, ya san mahaifinka. Yanzu kwamfuta ce akawu, ita kuwa ba ta san ɗan kowa ba. An kafa hukumar katin ɗan ƙasa, NIMC, da dokar 2007. Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN a 2014. A Disamba 2020 aka umarci a haɗa layin waya da lambar NIN, daga 2021 kuma hukumar JAMB ta wajabta ta ga mai rubuta jarrabawar shiga jami'a. Fasfo ma ba ya samuwa sai da ita. Harafi ɗaya ya bambanta, sai komai ya tsaya cik.

A wurin aiki, illar takan ɓoye har ranar ritaya. Ƙa'idar aikin gwamnati ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 ana aiki, sai malaman makaranta da dokar tarayya ta 2022 ta ba 65 ko 40. Idan fayil ya nuna ranar haihuwa biyu, wacce za a bi? Nan ne za ka ga mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana hidima, ya koma yana safa da marwa tsakanin Kafur da Katsina da tsohuwar jaka a hammata, kuɗin mota na cinye abin da ya samu a gona. In ya rasu kafin a gama, marayu su gaji zirga-zirgar.

Mai fita waje kuwa, tasa ta fi tsanani. Ɗanmu da ya sami gurbin karatu a Masar ko Malesiya, ko 'yarmu ma'aikaciyar jinya da ta sami aiki a Saudiyya, galibi sai an tantance takardun karatunsu a Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, a buga musu hatimi a Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, kana a kai ofishin jakadanci. Mai zuwa Ingila na fiye da wata shida sai ya ƙara da gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi. Kowace takarda da wa'adinta. Kafin a gyara suna a wannan, waccan ta mutu. Jami'in biza ba ya jin bayanin cewa Mamman da Muhammadu mutum ɗaya ne. Abin da zai gani shi ne alamar ha'inci, kuɗin biza kuma ba a mayarwa.

Saboda haka ina ba da shawarwari huɗu.

Na farko, ranar suna ta zama ranar tunawa da rajista. Dokar 1992 ta wajabta yi wa jariri rajista a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Wanda ya iya sayen rago ba zai kasa zuwa karɓar takarda ba.

Na biyu, ina kira ga 'yan uwana shugabannin makarantu: kada a rubuta sunan yaro a rajista daga baki, a kwafe shi daga takardar haihuwa, harafi bayan harafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku, kowannenmu ya baje takardunsa a tabarma cikin wannan mako, ya gwada su da juna. In akwai saɓani, a gyara tun babu gaggawa, ta hanyar hukuma, ba ta hannun 'yan bayan taga ba. Kada kuma a rage wa kai shekaru don neman aiki. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.

Na huɗu, ƙungiya ta kafa ɗan kwamiti na lauyoyinmu da ma'aikatanmu da ke birane, su zauna a gida lokacin hutun Sallah su duba takardun ɗalibai da masu shirin ritaya, kyauta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma 'ya'yanmu da Allah ya ɗora bisa kujerun ofis, ku tuna fayil ɗin da ke gabanku abincin wani gida ne. Wanda ya sauƙaƙa wa ɗan uwansa, Allah zai sauƙaƙa masa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.