HARSHEN TAKUU: YADDA WARWATSEWA KE CIN HARSHE

 

An ba mu ɗan lokaci mu yi bayani a kan wani harshe da galibinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, wato harshen Takuu. Mu dai 'yan kasuwa ne, saboda haka za mu faɗi abin a sauƙaƙe, mu bar wa malamai zurfinsa.

To, jama'a, Takuu wasu 'yan tsibirai ne ƙanana da suka yi zobe a tsakiyar tekun Fasifik. Suna ƙarƙashin ƙasar Fafuwa Niyu Gini, a yankin Boganbil, kimanin kilomita 250 arewa maso gabas da babban tsibirin Boganbil. Turawa kuma suna ce musu Motlok. Ƙauyensu guda ne tak, a kan wani ɗan tsibiri da ake kira Nukutoa, wanda tudunsa da kaɗan ya ɗara saman ruwa. Abincinsu kifi da gwaza da kwakwa.

Harshensu ya sha bamban da na mutanen Boganbil. Danginsa suna can gabas mai nisa, su ne harsunan Samowa da Tuvalu da sauran tsibiran Foliniziya. Wasulansa biyar ne kamar namu, kuma yana ninka baƙi kamar yadda muke yi a "hannu" ko "kunne". Sai dai su har a farkon kalma suna ninkawa. "Kai" a wurinsu cin abinci ne, "kkai" kuwa tatsuniya ce. Kun ga ke nan wanda bai tashi da harshen a kunnensa ba, da wuya ya rarrabe.

Yanzu ga abin da ya sa muka zaɓi labarin nan. A ƙarshen ƙarni na 19 annoba ta faɗa wa mutanen Takuu, har yawansu ya koma mutum 64 kacal. A daidai wannan zamani, lokacin mulkin Jamus, wata attajira da ake yi wa laƙabi da Sarauniya Emma ta sayi tsibiran da gatura huɗu da 'yar tabar da ba ta taka kara ta karya ba, aka mai da wurin gonar kwakwa, masu ƙasa suka koma 'yan ƙwadago. Duk da wannan masifa harshen bai mutu ba. Me ya sa? Domin mutum 64 ɗin nan suna wuri ɗaya. Uwa da shi take yi wa ɗanta magana, da shi ake kamun kifi, da shi ake makoki.

Yau kuwa sun ninka wancan adadi sau da yawa. Ƙiyasin da aka yi a 2003 ya nuna masu jin harshen sun kai kimanin 1,750. Amma yanzu ne ake jin tsoron zai ɓace, saboda mafi yawansu sun bar gida. 'Yan ɗaruruwa ne suka rage a Nukutoa, sauran suna garin Buka da Fot Mosbi, babban birnin ƙasar, da wasu garuruwa.

Abubuwa uku ne suka kore su. Na farko teku. Ruwa yana cin gaɓa, gishiri yana shiga gonakin gwaza, kuma a watan Disamba na 2008 ambaliya ta ratsa ƙauyen ta yi ɓarna mai yawa. Na biyu kasuwa, kuma mu nan mun san zafin wannan. Babbar hanyar samun kuɗinsu wata halitta ce ta ƙasan teku da ake busarwa a sayar wa fatake masu kai ta kasuwannin Sin. A 2009 gwamnati ta hana kama ta a duk ƙasar domin ta yi ƙaranci, ba a ɗage hanin ba sai 2017. Ga shi jirgin ruwa sai a yi watanni bai zo ba. Babu kaya, babu magani, babu ciniki. Na uku makaranta. Yaro in ya gama firamare dole ya ƙetare teku neman na gaba, kuma karatun da Turanci ne. A gari kuwa abin da ake yi a titi da kasuwa shi ne Tok Pisin, wato irin Turancin buroka na ƙasarsu. Shi ke nan, uba yana jin Takuu, ɗa yana tsintar rabi, jika kuwa sai gaisuwa.

Asarar ba ta kalmomi kaɗai ba ce. Mutanen Takuu mawaƙa ne na gaske. An ƙiyasta suna da waƙoƙi fiye da 1,000 a ka, kuma sukan shafe awa 20 zuwa 30 a mako suna waƙa da rawa. A cikinsu akwai wadda suke kira "tuki", da ake shirya wa mamaci a ambaci ayyukansa. Wato tarihin kowane gida a cikin waƙa yake. Sarkinsu, da suke kira Ariki, ya yi shekaru yana hana 'yan mishan shiga tsibirin domin ya tsare al'adun kakanninsu. To wa zai rera waƙar in bai san ma'anarta ba?

An yi ƙoƙari, ba a zauna ba. Farfesa Richard Moyle na Jami'ar Okland ta ƙasar Niyu Zilan ya yi shekaru yana zama da su tun shekarun 1990. Ya fitar da littafi kan waƙoƙinsu a 2007, sannan nahawu da ƙamus na harshen a 2011. A 2010 kuma Briar March ta fito da fim kan halin da tsibirin yake ciki. Wannan aiki ne mai kyau ƙwarai. Amma ƙamus ajiya ce kawai, kamar kaya a sito. In babu mai saye da sayarwa, kasuwa ba ta ci ba.

'Yan'uwa, mu da muke zaune nesa da garuruwan iyayenmu ba ma bukatar a yi mana dogon sharhi. Hausa tana da miliyoyin masu magana da ita, ba a jin tsoron mutuwarta. Amma a cikin gida ɗaya tana iya ƙarewa, ta irin hanyar da Takuu ke ƙarewa a gidajen Buka. Mutum 64 sun riƙe harshensu da suna tare. Mutum 1,750 suna fama da suka rarrabu. Kowane magidanci a nan ya saurari da wane harshe 'ya'yansa suke hira in sun zauna cin tuwon dare.

Muna roƙon Allah Ya kawo wa mutanen Takuu sauƙi, Ya kuma albarkaci zuriyarmu baki ɗaya.