Jawabi ga masu tafiya neman aiki

Jama'ar Ɗan Kassari, iyayena da ƙannena.

An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu samari za su kama hanya, wasu Dogon Dutsi, wasu Ƙonni, wasu Yamai, neman aikin gini ko na hanya. Ga guzurin da nake so ku tafi da shi.

Kakanninmu sun yi wa Nasara aikin tilas. An soke shi a shekarar 1946. Yau mai aiki yana da dokar da ke kare shi, wato dokar aiki ta ƙasar Nijar, ta ranar 25 ga Satumba 2012.

Mi ta ce? Aikin mako awa 40 ne. Abin da ya ɗara haka, kuɗinsa daban, kuma sun fi tsada. Kowane mako akwai hutun kwana guda. Ba a ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba. Albashi mafi ƙanƙanta kuwa, da jika 30 ne da ƴan kai. Tun Janairun 2024 ya koma jika 42 a wata.

To, inda ake cutar ƴanmu shi ne ranar biya. A miƙo takarda, a ce dangwala. Mutum ya dangwala, bai san an rubuta kwana 20 ba, alhali ya yi 26. Wa zai yi masa shaida? Ku da kuka shiga karatun manya kun wuce nan. Ku sayi ƙaramin littafi. Ku rubuta ranar da kuka fara, da sunan mai gida, da kuɗin da kuka shirya. Kowane maraice ku ja layi guda. In an ba ku takardar biya, ku karanta lambobin tukuna, sannan ku adana ta kamar takardar gona. Shiri da baki ma shiri ne, amma baki yakan juya.

Wajibi ne mai gida ya rubuta ku a Kes, wato CNSS. In katako ya faɗo wa mutum a bakin aiki, Kes ce ke biyan magani da diyya. Ku tambayi lambarku tun kuna da lafiya.

In an hana ku haƙƙinku, kada ku ɗauki sanda. Ku je wurin sufeton aiki. Namu yana Doso. Zai kira mai gida a zauna sulhu. In abu ya ƙi, sai kotun aiki. Ba a biyan ko dala. Ku dai tafi da littafinku.