Ɗan Ƙasa da Ɗan Asali: Doka a Ma'aunin Tarihin Ƙasar Ruma



Duk wanda ya taɓa neman shiga jami'a ko neman aikin gwamnati a ƙasar nan ya san wani layi da ke cikin takardar da akan cika, wanda ke tambayar jiharsa ta asali da ƙaramar hukumarsa ta asali. Galibin mutane sukan cika shi ba tare da sun tsaya wani tunani ba. Ɗalibin da ya fito daga Darini, cikin ƙasar Batsari, sai ya rubuta Katsina, ya rubuta Batsari, sa'an nan ya liƙa takardar shaidar da ya samo bayan mai unguwa da dagaci da hakimi sun tabbatar sun san shi, sun kuma san ubansa. Wannan lacca za ta tsaya ne a kan kalma ɗaya tak daga cikin layin nan, watau "asali", don a ga ta inda ta shigo doka, da kuma abin da tarihin ƙasar ɗalibin nan yake faɗi game da ita.

A zamanin Turawa babu wani abu wai shi ɗan ƙasar Nijeriya. Haifaffen Ikko talakan Sarkin Ingila ne, shi kuwa mutumin Lardin Katsina sunansa a doka wanda ke ƙarƙashin kariyar Ingila. Sai ranar 1 ga Oktoba 1960 aka sami 'yan ƙasa. Tsarin mulkin wannan shekara yana da sassauci ƙwarai, domin ya ce duk wanda aka haifa a Nijeriya daga ranar samun mulkin kai ɗan ƙasa ne, in ban da 'yan kaɗan da aka keɓe, kamar 'ya'yan jakadu. A 1974 gwamnatin soja ta Janar Yakubu Gowon ta canja wannan, ta mai da abin ya koma ga jini: haihuwa a ƙasar ba ta isa ba, sai an duba iyaye ko kakanni. Da aka zo tsarin mulkin 1979 sai aka ƙara wata magana, aka ce wanda aka haifa kafin mulkin kai zai zama ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ya fito daga wata al'umma wadda take ta asali a Nijeriya. Maganar tana nan a sashe na 25 na tsarin mulkin 1999. Sashe na 147 kuma ya wajabta wa Shugaban Ƙasa ya naɗa minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, wanda yake ɗan asalinta. Abin lura shi ne, tsarin mulkin bai faɗi ko wace al'umma ce ta asali ba, bai kuma yanke shekarar da za a fara ƙirga asali daga gare ta ba. Ya bar wannan nauyi a kan teburin sakataren ƙaramar hukuma.

To, a ɗauki wannan kalma a kai ta ƙasar Ruma, watau yammacin Katsina, inda Batsari da Safana suke, a gefen dajin Rugu. Hakimin Batsari shi ke riƙe da sarautar Sarkin Ruma, na Safana kuwa Yariman Katsina. Bayan da mutanen Shehu suka ci birnin Katsina a 1807, gidan sarautar da aka kora ya yi arewa, daga baya ya kafu a Maraɗi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, kuma sarakunansa suka ci gaba da kiran kansu Sarkin Katsina. Daga nan ƙasar Ruma ta zama tsakanin Katsina biyu, kowace tana neman mubaya'arta da harajinta. A zamanin Sarkin Katsina Siddiku, wanda ya yi sarauta daga 1836 zuwa 1844, garuruwan wannan yanki da dama suka goyi bayan Ɗan Mari na Maraɗi suka yi tawaye. Aka murƙushe su da ƙarfin gaske, garuruwa suka watse, gonaki suka koma daji. Waɗanda suka tsira wasu suka nufi Maraɗi, wasu Zamfara, wasu suka shige garuruwa masu ganuwa. Hare-haren Maraɗawa kuwa, musamman a zamanin Ɗan Baskore, ba su bari mutane sun koma da sauƙi ba. Sai bayan 1903, da yaƙi ya ƙare, jama'a suka riƙa fitowa suna saran daji, suna kafa ƙauyuka a kan kufai. Cikinsu akwai jikokin waɗanda suka gudu, akwai Zamfarawa, akwai Fulani masu bin makiyaya, akwai kuma waɗanda suka tsallako daga ƙasar Faransa suna gudun aikin tilas da ɗaukar soja.

A irin wannan ƙasa, wa za a kira ɗan asali? Wanda kakansa ya gudu Maraɗi a zamanin Siddiku, zuriyarsa ba ta dawo ba har yau, ko kuwa wanda kakansa ya zo daga Tasawa a zamanin Sarki Dikko ya sare daji da gatarinsa? Na farkon doka ta ce baƙo ne, ɗan Jamhuriyar Nijar, ko da yake kabarin kakanninsa yana Ruma. Na biyun kuwa yana da takarda, kuma ya cancance ta. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a 1981, ya nuna cewa ita kanta Katsinanci ba jini ba ce. Abu ne da ya ginu daga haɗuwar mutane iri-iri, Wangarawa da Barebari da Azbinawa da Fulani da sauransu, waɗanda zama da sana'a da mulki ɗaya suka dunƙule su. Ɗan Masani, wanda Katsina take alfahari da shi cikin waliyyanta, wanda ya rasu a 1667, asalin gidansu Barno ne, har ana rubuta al-Barnawi a cikin sunansa. Da yau ne, da watakila an ce ya je Maiduguri ya samo takarda.

Ma'aunin da aka sani a da shi ne zama. Mutum ya zo ya yi caffa, mai gari ya nuna masa daji, ya yi gona, ya biya kuɗin ƙasa, in yaƙi ya zo ya ɗauki bakansa. Ɗansa kuwa ɗan gari ne, ba mai tambaya. Kada a ɗauka wannan tsari aljanna ne, domin bawa ba shi da wannan 'yanci, kuma Hausawa da bakinsu suka ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Amma dai ƙofar a buɗe take, baƙunci yana da ranar ƙarewa. Har cikin zamanin En'e, takardar haraji da ta jangali su ne shaidar mutum ta cewa shi na wannan gunduma ne. Da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna a 1979, talakawa sun yi murna, kuma suna da dalili. Sai dai Bafillacen dajin Rugu ya rabu da takarda ɗaya tak da ke nuna hukuma ta san da zamansa, ba a kuwa ba shi wata a madadinta ba.

Ita kanta iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Ingila da Faransa sun ja ta a 1890, suka sake ja a 1898, da 1904, da 1906, mafi yawa domin Faransawa suna neman hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram da tafkin Cadi. Tsakanin 1906 da 1908 ne Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho suka bi ta suna kafa alamu. Ba a shawarci ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka raba ba. Iyakokin cikin gida su ma haka. Dattijon Safana da aka haifa a 1950 ya zama ɗan Jihar Arewa, a 1967 ya zama ɗan Jihar Arewa ta Tsakiya, a 1976 ɗan Jihar Kaduna, a 1987 ɗan Jihar Katsina, alhali ko katangar gidansa bai matsar ba. Ma'aikata da dama a ɗakin nan sun san abin da ya biyo bayan Satumba 1987, lokacin da Bakatsinen da ya shekara ashirin yana aiki a Kaduna ya wayi gari ba ɗan jiha ba, ya ɗaure kayansa.

Wanda yake zaton wannan magana ta masana ce kawai, sai ya tuna da Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Barno, ɗan jam'iyyar GNPP. A Janairu 1980 jami'an shige da fice suka ɗauke shi daga Maiduguri suka tsallakar da shi Cadi, bisa umurnin Ministan Harkokin Cikin Gida, wai ubansa ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar Kotun Maiduguri ta saurari shaidu, ta gamsu cewa mahaifiyarsa 'yar Barno ce, ta ce korar haramtacciya ce, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar. Shugaba ya dawo domin yana da jam'iyya da lauyoyi da jaridu. Bayan shekara uku, a Janairu 1983, gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice, aka sake yin irin haka a 1985. An fi tunawa da mutanen Gana, amma cikin waɗanda aka kora akwai Hausawan Nijar masu yawa, 'yan ga-ruwa da masu gadi da 'yan cin rani. A tashar mota ba a kiran shaidu, ba a tambayar mahaifiya. Ɗan sanda yana duban fuska ne, da tsagar da ke kanta, alhali tsagar Gobirawa da ta Katsinawa ba su san alamun Tilho ba.

Jami'a ma ba ta tsira ba. Farfesa Abdullahi Smith, haifaffen Ingila, wanda ya kafa Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, ya musulunta, ya zama ɗan Nijeriya, ya zauna a nan har rasuwarsa a 1984. Dokta Patrick Wilmot kuwa, haifaffen Jamaika, ya koyar da ilmin zaman jama'a a wannan jami'a shekara goma sha takwas, matarsa 'yar Nijeriya, amma a 1988 aka kama shi aka sa shi a jirgi zuwa London. Har yau sashe na 26 na tsarin mulki ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya damar yin rajista ta zama 'yar ƙasa, bai ba baƙon da ya auri 'yar Nijeriya wannan dama ba. Shi sai ya bi doguwar hanya ta sashe na 27, mai bukatar zaman shekara goma sha biyar da yardar Shugaban Ƙasa.

Ga ɗalibai kuwa, ƙa'idar da aka daɗe ana bi wajen shiga jami'o'in Tarayya ita ce kashi 45 cikin ɗari bisa ƙoƙari, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilmin zamani. Manufar tana da kyau, kuma ba don ita ba da yaran ƙauyuka irin su Darini da Wagini da Runka ba su sami kafar shiga ba. Aibin yana wajen ma'aunin. Ɗan babban sakataren da aka haifa a Ikko, ya yi makarantar kuɗi a Abuja, bai taɓa shan ruwan Batsari ba, yana iya samun takardar Batsari cikin yini ɗaya, ya ci rabon da aka tanada domin yaron da ya yi karatu a ƙarƙashin bishiya. Yarinyar da aka haifa a Sabon Garin Funtuwa kuwa, kakanta ya zo daga Ogbomosho tun zamanin da jirgin ƙasa ya iso, ba ta jin wani harshe kamar Hausa, sai a ce ta koma garin da ba ta taɓa kwana ba. Sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda wurin da ya fito, amma takardar asali ba ta da wani aiki sai wannan. Gyaran da tarihin Katsina yake nunawa ba baƙon abu ba ne: a mai da zama na wasu shekaru sanannu, da haihuwa a wuri, su zama hujjar samun takarda, kamar yadda caffa da gona suka zama hujja a da.

Maganar ta ƙara tsanani a 'yan shekarun nan. Tun daga wajen 2019, hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu da dazuzzukan Zamfara sun tashi ƙauyuka da yawa a Batsari da Safana da Jibiya. Wasu mutanen suka taru a cikin garin Batsari da birnin Katsina, dubbai kuma daga Katsina da Zamfara da Sakkwato suka tsallaka Jihar Maraɗi, watau suka bi sawun da kakanni suka bi a zamanin Siddiku. An haifi yara a can. A doka ba su da matsala, domin sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a waje ɗan ƙasa ne muddin uwarsa ko ubansa ɗan ƙasa ne. Matsalar tana wajen shaida. Tun daga 2021 ba a rubuta jarrabawar shiga jami'a sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, bayanta kuma ga takardar asali tana jira. Yaron da aka haifa a wani ƙauyen Madarunfa a 2020 zai kai shekarun neman jami'a a wajen 2038. A ranar zai bukaci mai unguwar da ya san ubansa, a ƙauyen da watakila ya zama kufai, da dagacin da shi ma yana gudun hijira. Wasu daga cikin ɗaliban da ke zaune a wannan ɗaki su ne za su kasance a kan teburin ƙaramar hukuma sa'ad da zai miƙo takardarsa.