JERIN GWANO DOMIN YARAN DA YAƘI YA KORA

Laccar da Magatakardan reshen Kudan ya yi wa 'yan kasuwa



Waɗansu sun tambaye mu, wai mene ne amfanin jerin gwano? Sun ce ko mun taka daga nan har Zariya, ba shi zai mai da yaron Borno garinsu ba. To, ku kasa kunne.

Ran 14 ga Afrilu, 2014, aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok. Mata suka fito kan titin Abuja da jajayen tufafi, suka ƙi yin shiru, har zancen ya kai Amurka da Ingila. Aka sako 21 cikin Oktoba 2016, aka sako 82 cikin Mayu 2017. Mai mulki ba ya jin kukan da aka yi a ƙuryar ɗaki.

Amma waɗannan an san sunayensu. Cikin Afrilu 2015, UNICEF ta ce yara 800,000 yaƙin Boko Haram ya raba da gidajensu. Cikin 2019 kuma mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka yi ta ƙetarewa Maraɗi da goyo a baya, suna gudun 'yan bindiga. Wa ya ɗaga allo da sunan ko guda? Ku da ku ke cin kasuwanni kun fi kowa ganinsu, suna dako, suna bara, suna tsintar gutsuren rake.

Saboda haka in za mu fita, sharaɗi uku ne.

Na fari, mu fita da buƙata guda, watau makaranta. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne, kuma tilas ne, ga kowane yaro. Ba ta ce ban da baƙo ba. Kowane sarkin kasuwa ya sa a rubuta yaran da ke kwana a rumfuna, da garin da suka baro, mu kai takardar ga hukumar ilmi ta Ƙaramar Hukuma, mu karɓo shaida a rubuce.

Na biyu, mu san haƙƙinmu. Cikin 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa taron lumana ba ya bukatar izinin 'yan sanda. Sanar da su za mu yi, ba roƙo ba. Ban da sanda, ban da jifa, ban da zagi.

Na uku, kada a sa yaro gaba. Cikin Nuwamba 2024 an gurfanar da yaran da aka kama a zanga-zangar Kano da Kaduna gaban kotu a Abuja, waɗansunsu suka zube ƙasa don galabaita. Wanda ya tsere wa bindiga ba za mu kai shi bakin barkonon tsohuwa ba. Manya ne za su taka.

Sa'an nan, in an naɗe alluna, aiki ya saura. A Maiduguri, lauya Zannah Mustapha ya buɗe makarantar marayu cikin 2007, ya haɗa 'ya'yan ɓangarorin biyu cikin aji ɗaya. Mu ba mu da ƙarfinsa, amma rumfa goma in sun haɗa hannu, sun isa su ɗinka wa yaro guda riga, su saya masa littafi. Ɗa na kowa ne.

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.